Da 'Yar Gari Akan Ci Gari

Duk wanda ya dawo daga Kanada, da labarin sanyi yake fara cika wa mutane kunne, kuma ba sharri yake yi wa ƙasar ba. A tsakiyar hunturu na sauka Kalgari, birni mafi girma a lardin Albata, lokacin da ma'auni kan sauka ƙasa da sifiri da digiri 25, gashin hancin mutum ya daskare kafin ya kai bakin titi. Na ga iskar da suke kira Shinuk, wadda kan gangaro daga duwatsun Roki ta narkar da dusar ƙanƙara cikin yini guda, mutane su tuɓe manyan riguna kamar ba su ne jiya ke karkarwa ba. Na ga gadoji rufaffu da gilashi da suka haɗa benayen tsakiyar gari, mutum ya fita daga ofis ya shiga kanti ya wuce gidan abinci ƙafarsa ba ta taɓa titi ba. Waɗannan duka hoto zai iya nuna su. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa sai an zauna an ba da labari: garin ya mai da neman aiki darasi, da aji da malamai da gwaji, yana koyar da shi kyauta ga matan da suka zo jiya.

Jego ne ya kai ni. Ƙanwata ta haihu, babu uwa babu goggo a kusa, dangi suka ce ni ce mai sarari. Ita akanta ce, ta daɗe tana aikin banki a Kaduna kafin su tattara da mijinta su koma can da takardar zama ta dindindin. Shi Allah ya yanke masa wahala, ya sami aiki da wuri. Ita kuwa ta yi ta aika takardun neman aiki har ta daina ƙirgawa, ko "mun gani" ba wanda ya ce mata. Da ta yi arba'in ta ɗan warware, sai ta ce, "Yaya, shirya ki raka ni makaranta." Na ce wace makaranta kuma, ke da kika gama jami'a tun tuni? Ta ce ta koyon neman aiki.

Cibiyar da muka je tana arewa maso gabashin gari, shiyyar da baƙi suka fi yawa, inda za ka ga mahaucin halal kusa da kantin 'yan Indiya, gaba kaɗan ga mai sayar da garin kwaki da manja. Irinta suna da dama a Kalgari. Cikin waɗanda suka fi daɗewa akwai ƙungiyar mata baƙi da ake kira CIWA, wadda aka kafa a 1982, da ta 'yan Katolika mai karɓar baƙi da 'yan gudun hijira, wadda ta girme ta da shekara guda. Mafi yawan kuɗin gudanar da su daga ma'aikatar shige da fice ta tarayya yake fitowa, sai abin da lardi da masu hannu da shuni suka ƙara. Kada a ɗauka tsabar tausayi ne. Kanada ƙasa ce da tsofaffinta ke ƙaruwa, haihuwa ta yi ƙaranci, tana neman masu aiki da masu biyan haraji. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 23 cikin 100 na mutanen ƙasar da hijira suka zo, kuma cikin waɗanda suka shiga tsakanin 2016 da 2021 Najeriya ce ta biyar, bayan Indiya da Filifin da Sin da Siriya. Macen da ta zauna a gida da digiri a akwati, a lissafinsu, asara ce ga baitulmali. Shi ya sa shirye-shiryen tarayya suka fi karkata ga masu takardar dindindin da 'yan gudun hijira. Irina mai bizar ziyara sai dai kallo, kuma kallon na yi, da jariri a kafaɗa.

Matar da ta karɓe mu 'yar Sudan ce, da mayafinta, Turancinta ya nuna ta daɗe. Ƙanwata ta zaro fayil ɗin takardun makaranta, matar ta ɗaga mata hannu ta ce a ajiye tukuna. Tambayarta ta farko: wa zai riƙe miki yaro idan kina aji? Ta biyu: da me kika zo, kuma nawa kika kashe? Ta uku: kina da takalmin dusar ƙanƙara? Sai ta nemi in ɗan ba su wuri. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa ta tambaye ta ko akwai wanda ke hana ta fita, ko mai ɗaga mata hannu a gida, kuma kowace mace sai an yi mata wannan tambayar a keɓe. Sai da aka gama da waɗannan aka buɗe fayil. Kowace tambaya kuma da maganinta a cikin ginin. Ga ɗakin raino bango ɗaya da aji, uwa ta leƙo ta shayar ta koma. Ga tikitin bas. Ga mai taya mace cike takardar neman katin wata na shiga bas da jirgin cikin gari, wanda hukumar birnin ke sayar wa masu ƙaramin ƙarfi gwargwadon abin da suke samu. Sun gane cewa abin da ke zaunar da mace a gida sau da yawa ƙananan ƙulle-ƙulle ne da suka haɗu, sai suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna kwancewa.

Ajin kansa abin kallo ne. Akwai 'yar Siriya da ta yi shagon magani nata na kanta a Halab kafin yaƙi ya ci shi. Akwai malamar firamare daga Afganistan, da ma'aikaciyar jinya daga Filifin, da 'yan Yukiren biyu da suka baro mazansu a gida, da 'yar Iritiriya da ta ratso ta Sudan. A wani ajin na ƙasa akwai matan Yazidawa, cikin waɗanda Kanada ta kwaso daga arewacin Iraƙi tun daga 2017 bayan abin da 'yan Da'ish suka yi musu, wasunsu ba su taɓa riƙe fensir ba sai a nan. Tun 1992 gwamnati ke koyar da baƙi Turanci kyauta, kuma tana auna shi da mataki 12. Da mataki na 4 a ji da magana akan nemi zama ɗan ƙasa, aikin ofis kuwa ya fi haka nema nesa ba kusa ba. Ƙanwata ba ta da matsalar Turanci. Matsalarta ita ce sai ta maimaita magana sau biyu kafin a gane ta, ita ma sai an maimaita mata.

Darasin farko na sibi ne, takardar tarihin aiki. Ta ƙanwata shafi biyar ce: hoto a sama, ranar haihuwa, jiha da ƙaramar hukuma, addini, "matar aure", har da makarantar firamare. Malamar, wata dattijuwa 'yar asalin Folan, ta ɗauki jan biro ta bi ta kansu. Hoto ya fita, shekaru suka fita, addini da aure suka fita. Ta ce dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin ta hana mai ɗaukar ma'aikata ya bambanta mutane da waɗannan, don haka ba ya ma son ganin su, kada gobe a ce da su ya yi hukunci. A zaman ganawa ma bai kamata ya tambaye ki ko kina da ciki ba, ko 'ya'yanki nawa, ko mijinki ya yarda. Shafi biyu aka bar mata. Ta kuma sanar da su cewa a manyan kamfanoni kwamfuta ce ke fara tace takardu, tana neman kalmomin da aka sa a tallar aikin, wadda ba ta da su ba za ta kai idon mutum ba. Ashe takarda ɗaya ƙanwata ta yi ta rabawa ko'ina, alhali kowane aiki sai an ɗinka masa tasa.

Wanda ya fi ba su wuya shi ne gwajin ganawa. A sa kyamara, a zaunar da mace gaban mutum biyu, a ce ta ba da labarin wata matsala da ta taɓa tasowa a wurin aikinta da yadda ta warware ta. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ta ce cikin ikon Allah sun yi ƙoƙari, shugabanta mutumin kirki ne, abokan aikinta sun taimaka. Aka kunna mata hoton ta kalli kanta. Malamar ta ce, "Na ji labarin shugabanki, na ji na abokan aikinki. Ke me kika yi?" Ɗakin ya yi tsit, don kusan duk matan da ke ciki irin tarbiyyar da suka taso da ita ke nan. Mu an raine mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne. A can, wadda ta kawar da ido sai a ɗauka tana ɓoye wani abu, wadda ta ƙi faɗin abin da ta yi a ɗauka ba ta yi komai ba. A hanyar gida ƙanwata ta ce, "Yaya, wallahi ji nake kamar ina yi wa kaina kirari." Na ce mata to a banki wa ya gano kuɗin nan da suka yi ɓatan dabo, aka kwana uku ana nema? Ta ce ita ce. Na ce shaida ce za ki bayar, kuma ɓoye shaida ba ya cikin kunya. Mako na gaba ta faɗe shi tiryan-tiryan: ga abin da ya faru, ga abin da aka ɗora mata, ga matakin da ta ɗauka, ga adadin da aka ceto.

Abin da ya burge ni, ba su nemi kowa ta ajiye addininta a bakin ƙofa ba. 'Yar Afganistan ta tambaya yadda za ta yi idan namiji ya miƙo mata hannu. Malamar ta tashi ta gwada musu: ki riga shi, ki ɗora hannu a ƙirji, ki yi murmushi, ki gaishe shi da sunansa, ki ce kin ji daɗin haɗuwa da shi, kafin ya miƙo an wuce wurin. Suka yi ta gwadawa da juna ana dariya. Haka aka yi darasi a kan yadda za ki nemi 'yan mintoci na sallar azahar, da lokacin da ya dace ki ta da zancen, wato bayan an ba ki aikin.

Har sutura an tanada. Akwai wata ƙungiya a garin mai suna Making Changes, inda mata ma'aikata ke kai kayan ofis masu kyau da suka daina sawa. Mai neman aiki za ta je da alƙawari, wata 'yar sa kai ta zagaya da ita tana gwada mata kwat da siket da takalmi da jaka, ta fito da ledoji ba ta biya ko sisi ba. Ƙanwata ta ce dogo take so mai rufe jiki, aka nemo mata, har da ɗankwalin da ya shiga da shi.

Sai dai ƙasar da ke yin wannan karamci ita ce kuma ta gina katangar da matan ke fama da ita. Da ilimi da gogewa Kanada ke ba mutum maki kafin ta ba shi izinin shiga. Yana sauka sai ya tarar takardar da ta shigo da shi ba ta isa ta sama masa aiki ba. Lardin Albata na da ofishin da ke auna takardun karatun waje, IQAS, amma aunawar ba lasisi ba ce. Likita da ma'aikaciyar jinya da mai haɗa magani da injiniya da malamin makaranta, kowanne da hukumar sana'arsa, da jarrabawarta, da kuɗinta, da jiranta. 'Yar Halab ɗin nan da ta yi shekaru tana ba da magani, kaya take jerawa a kanti da dare, da rana tana karatun jarrabawa. Irin wannan suke kira aikin rufin asiri. A nan Kalgari ne wata likitar halayyar ɗan Adam, Maria Eriksen, ta lura cewa cikin masu sharar asibitin da take aiki akwai ƙwararrun da suka yi karatu a ƙasashensu, kuɗin jarrabawa ne ya gagare su. A 2005 ita da wasu mata suka fara asusun ba su rance, wanda yanzu ake kira Windmill, ya kuma bazu a faɗin ƙasar. Rancen yana da ruwa, ko da yake kaɗan ne, don haka Musulmin ajin suka yi ta jinjina shi. Wasu suka karɓa a kan lalura, wasu suka gwammace su kafa adashi a tsakaninsu.

Katanga ta biyu ita ce tambayar da kowace baƙuwa ta haddace: kina da gogewar aikin Kanada? Ba za a ba ki aiki ba sai kin taɓa aiki a ƙasar, ba za ki taɓa aiki a ƙasar ba sai an ba ki. A 2013 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin Ontariyo ta fito ta ce kafa wannan sharaɗi kai tsaye wariya ce, sai in mai aikin ya kawo ƙwaƙƙwarar hujja. Ta uku ta fi ciwo. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Toronto, Philip Oreopoulos, ya aika takardun neman aiki na gwaji kusan 13,000 ga kamfanonin Toronto, ya wallafa sakamakon a 2011: mai sunan Turawan Ingila ya fi samun kira a kan mai sunan Indiya ko Fakistan ko Sin, ko da karatunsu da gogewarsu iri ɗaya ne, a Kanada duka suka yi. Malamar ba ta ɓoye musu wannan ba. Wata ta tambaya ko ta gajarta sunanta ya yi kama da nasu. Aka yi ta muhawara har lokacin tashi ya wuce. Ƙanwata ta ce sunan da Baba ya yanka mata rago a kansa ba za ta taɓa shi ba. Gwamnatin ma ta san da matsalar. A Disamban 2018 ministan shige da fice na lokacin, Ahmed Hussen, wanda shi kansa daga Somaliya ya zo gudun hijira a 1993 yana saurayi, ya ƙaddamar da wani shiri na musamman don sama wa baƙin mata waɗanda ba fararen fata ba hanyar aiki, saboda su ne suka fi shan wuya: ga baƙunta, ga launi, ga zama mace.

To ta ina ake tsallake katangar? A nan ne na ga abin da ya fi kowanne ba ni mamaki. Na tafi da zaton cewa a ƙasar Turawa takarda ce kawai ke magana. Ashe su ma da ɗan gari suke cin gari. Ayyuka da yawa tun kafin a tallata su an riga an raɗa wa wani, kuma da wuya a ɗauke ki ba a kira mutum biyu ko uku da suka san aikinki sun yi miki shaida ba. Bambancin shi ne sun san baƙuwa ba ta da kowa, sai suka tsara yadda za a ara mata. Cibiyar ta haɗa ƙanwata da uwar ɗaki, wata akanta da ta daɗe a wani kamfanin mai, wadda ta sa hannu cewa za ta riƙa zama da ita na wasu watanni ba tare da an biya ta ba. Ta gyara mata shafinta na LinkedIn, ta shiga da ita taron 'yan sana'ar, ta koya mata wata al'ada tasu: ki rubuta wa wanda ba ki sani ba, ki roƙi minti 20 na shan kofi, ki tambaye shi yadda aikinsu yake, kada ki roƙi aiki. In kin yi da mutum goma, ɗaya zai tuna da ke ranar da gurbi ya buɗe. Wannan ya tuna mini da fataken goro na da, waɗanda in sun sauka zangon Salaga ko Kumasi sai sun sami maigida, ya ba su masauki, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu in za a ba su bashi. Sunansa ne jarinsu har su yi nasu. Abin da Kalgari ta yi shi ne ta ɗauki wannan aiki ta ba shi ofis da kasafin kuɗi.

Bayan haka sai horon hannu. An koya wa ƙanwata manhajojin lissafi da ƙananan kamfanoni ke amfani da su, QuickBooks da Sage, da harajin saye na tarayya na kashi 5 cikin 100, wanda a Albata babu na lardi a kansa, da yadda ake cire kuɗin fansho da na inshorar rasa aiki daga albashi. Sannan aka tura ta wani ƙaramin kamfanin gyaran famfo da bututu ta yi musu makonni tana riƙe littafi. Abin da ta je nema a can layi ɗaya ne a sibi mai adireshin Kalgari, da lambar wayar mutumin da zai ce, "Na san ta, ta iya." Sauran matan kowa da layin da aka sa ta. 'Yar Iritiriya ta yi kwas ɗin raino ta sami shaidar mataki na farko, da ta agajin gaggawa, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ta da laifi, waɗanda sai da su ake barin mutum kusa da yaran mutane. Wasu suka bi layin kula da tsofaffi, wasu na dafa abinci, wasu na kanti. Mafi ƙarancin lada a lardin dala 15 ne a awa, tun Oktoban 2018, kuma da yawansu daga nan ko sama kaɗan suke farawa, a garin da hayar gida ke lashe fiye da rabin irin wannan albashi.

Kuɗin kuma yakan taɓa zaman gida. Tallafin yara da gwamnati ke biya duk wata, a ƙa'ida asusun uwa yake shiga. Ga shi ta fara kawo albashi, wani lokaci ta riga mijin samu. Akwai mazan da suka ɗauki abin da kyau, suka koyi goyo da girki. Akwai waɗanda suka ga kamar an ƙwace musu girma, har wata a ajin ta daina zuwa ba sallama. Surukina, Allah ya yi masa albarka, da kansa yake kai yaro gidan raino kafin ya wuce aiki, ko da yake ya roƙe ni kada in kai labarin gida.

Kafin in taso ƙanwata ta sami aiki a wani kamfanin gine-gine, tana shigar da takardun biyan 'yan kwangila. Uwar ɗakinta ce ta ji labarin gurbin, mai kamfanin famfo ya yi mata shaida. Matsayin bai kai rabin wanda ta bari a Kaduna ba, inda take da mutane a ƙarƙashinta, kuma kafin ta amsa sunan cikakkiyar akanta a can sai ta bi layin jarrabawar CPA, wadda za ta ci ta shekaru. Don haka ba zan ce muku na ga aljannar duniya ba. Na ga ƙasa mai kiran ƙwararru ta ƙofar gaba, ta bar su tsaye a zaure, sannan ta biya wasu mata masu haƙuri su riƙa shigo da su ta ƙofar gefe ɗaya bayan ɗaya. A Oktoban 2024 ma ta rage yawan waɗanda za ta ba takardar dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, saboda kukan tsadar gidaje.

Ga 'yar'uwar da ke shirin tafiya, ga abin da matan ajin nan suka ce da sun sani da sun yi. Ki nemi jami'arki ta aika sakamakonki kai tsaye ga masu aunawa tun kina gida, don bin sawunsa daga nesa azaba ce. Ki binciki hukumar sana'arki ta lardin da za ki, ki san jarrabawarta da kuɗinta kafin ki ajiye aikin da ke hannunki. Ki karɓi wasiƙar shaida daga shugabanninki, da imel ɗin da za a same su. In kin sauka kuma, kada ki ce sai yaro ya yi wayo ko sai sanyi ya wuce. Ki je cibiyar a watan farko, da goyonki, tun kuɗin guzuri bai ƙare ya tura ki aikin dare ba.